In Ɗan ya 'yanta ni, me ya sa har yanzu nake jin kaina a ɗaure?

Wani ɗan'uwa ne ya yi tambaya. Ya ce ya daɗe da ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, an yi masa baftisma, ba ya fashin sujada, kuma ya sha jin ana karanta Yohanna 8:36, inda aka ce in Ɗan ya 'yanta mutum, ya 'yantu ke nan na gaske. Shi dai bai ga 'yancin ba. Fushi yana nan, tsoron abin da mutane za su ce yana nan, ga kuma wani hali da ya sha yi wa Allah alkawarin bari, yana komawa. Shin 'yancin nan na cikin zuciya akwai shi kuwa, ko daɗin wa'azi ne kawai? In akwai, ta ina ake kama shi?

Ɗan'uwa, akwai shi, amma inda kake lalube ba nan aka ajiye shi ba. Kana auna 'yancinka da yadda zuciyarka ta wayi gari. In ta tashi a kwance ka ce ka 'yantu, in ta tashi a dagule ka ce ashe har yanzu kana ɗaure. Littafi Mai Tsarki bai fara daga nan ba. Ya fara daga matsayinka a gaban Allah, sa'an nan matsayin ya riƙa ratsa halinka sannu a hankali, shekara da shekaru. Yawancin wahalar da masu bi suke sha a kan wannan batu ta fito ne daga sa na baya a gaba.

Koma ka karanta ayar da ka kawo tare da waɗanda suka gabace ta, tun daga aya ta 31. Da Yesu ya ce gaskiya za ta 'yanta su, masu sauraronsa suka harzuƙa, suka ce su zuriyar Ibrahim ne, ba su taɓa yi wa kowa bauta ba. Mutanen da kakanninsu suka yi bauta a Masar, aka kwashe su zuwa Babila, a ranar da suke wannan cika baki ma ƙasarsu tana hannun Roma. Yesu bai tsaya musu da su a kan tarihi ba. Ya ce duk mai aikata zunubi bawan zunubi ne, ya kuma ƙara wata magana a aya ta 35 wadda ake yawan tsallakewa: bawa ba ya dawwama a gida, ɗa ne yake dawwama. Bawa da ɗa suna iya yin aiki iri ɗaya a gida ɗaya daga safe har dare. Amma in bawa ya yi ɓarna, kora yake jira ko sayarwa. In ɗa ya yi ɓarna, faɗa yake jira, gobe kuma a gidan ubansa zai tashi. Abin da Ɗan ya fara ba ka ke nan, zama a gida wanda bai rataya a kan ƙwazonka na yau ba. Shi ne Manzo Bulus yake faɗa a Romawa 8, cewa yanzu babu sauran hukunci a kan waɗanda suke cikin Almasihu Yesu, kuma ba ruhun bauta aka ba mu da zai mayar da mu cikin tsoro ba, Ruhun da ya mai da mu 'ya'ya ne, wanda ta wurinsa muke kiran Allah Uba.

Ina so ka daɗe a nan, domin daga yadda ka tsara tambayarka na fahimci sarƙar da ta fi riƙe ka ba halin nan da kake komawa ba ce. Abin da yake biyo bayansa ne. Ka faɗi, ka ji kunya, ka ɗauke ƙafa daga addu'a na wasu kwanaki har sai ka ji ka ɗan wanke kanka, sa'an nan ka dawo da sabon alkawari mai nauyi fiye da na baya. Wannan lissafin ɗan ƙwadago ne. Ka duba misalin ɗan nan da ya ɓace a Luka 15. Ƙaramin ya taho da jawabin da ya shirya, cewa a ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin ma'aikatan gidan. Bai kai ga roƙon ba uban ya sa aka kawo riga mafi kyau da zobe da takalma. Amma wanda ya fi ba ni tausayi a labarin shi ne babban wan. Bai taɓa barin gida ba, bai ɓarnatar da komai ba, amma da ya buɗe baki sai ya ce shekara da shekaru yana yi wa uban bauta, bai taɓa ƙin umarninsa ba, ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Ɗa ne mai gado, yana zaune a gidan ubansa da zuciyar bawa, yana ƙirga abin da aka biya shi da abin da aka biya ƙanensa. Majami'u cike suke da irinsa, kuma su ne mutanen da ake yabo.

Wannan ita ce bautar masu ibada, ita ce kuma Bulus ya fi yi wa zafi. Wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa ba mashaya ko mazinata ya rubuta wa ba. Masu bi ne daga al'ummai, wato ba Yahudawa ba, waɗanda wasu malamai suka zo suka ce musu bangaskiya ga Almasihu ba ta isa ba, sai sun yi kaciya sun ɗauki Shari'ar Musa. A kansu ne ya ce domin 'yanci Almasihu ya 'yanta mu, a tsaya daram, kada a sake sa wuya a karkiyar bauta. Martin Luther ya san wannan karkiya a jikinsa. Yana zaman zuhudu a Jamus, yakan shafe sa'o'i yana furta zunubansa har ya gajiyar da mai sauraronsa, ya fita, ya tuna wani da ya manta, ya dawo. Ibada ba ta kwance shi ba, ƙara ɗaure shi ta yi, sai da ya gane daga wasiƙar Romawa cewa adalcin da Allah yake nema kyauta yake bayar da shi ta wurin bangaskiya. A 1520 ya rubuta ɗan littafi a kan 'yancin Kirista, ya ɗora shi a kan magana biyu da suke kamar suna karo: Kirista ɗa ne mai cikakken 'yanci, ba ya ƙarƙashin kowa, kuma Kirista bara ne mai hidima ga kowa. Ba sai ka yarda da Luther a kan komai ba kafin ka ga cewa a nan ya kama bakin zaren. Wanda ba ya bukatar ya sayi yardar Allah da aikinsa, hannunsa ya sake, yana iya yi wa maƙwabcinsa aiki ba don a biya shi ba.

Tsoron mutane da ka ambata reshe ne na wannan. Wanda bai tabbata da hukuncin Allah a kansa ba, dole ya riƙa neman hukunci a fuskokin mutane. Kada kuma ka ɗauka kai kaɗai ne. A Galatiyawa 2 Bulus ya ba da labarin abin da ya faru a Antakiya. Bitrus yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai, sai wasu suka iso daga wurin Yakubu, jagoran ikilisiyar Urushalima, sai ya janye jiki saboda tsoron masu ra'ayin kaciya, har Barnaba ma ya bi sahu. Bitrus ne fa, bayan tashin Ubangiji, bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki, bayan ya tsaya gaban majalisa ya ce Allah za a yi wa biyayya ba mutane ba. Ya iya da barazanar hukuma, bai iya da kallon 'yan'uwa ba. Bulus bai ce masa ashe ba ka sami ceto ba. Ya ce masa tafiyarsa ba ta yi daidai da gaskiyar bishara ba, wato abin da yake yi ya saɓa wa abin da ya riga ya zama.

Sai batun halin da kake komawa. Ban san wanda ya kwatanta yadda yake ɗaure mutum kamar Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430 ba. Ya ce sarƙarsa ba ta ƙarfen wani ba ce, nufinsa ne ya ƙera ta: karkataccen nufi ya haifi sha'awa, da aka yi wa sha'awa biyayya ta zama sabo, da ba a yi tsayayya da sabo ba ya zama dole. Shi ne wanda ya yarda cewa yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi kamewa, amma ba yanzu ba. Ya tuba a Milan a 386, aka yi masa baftisma a shekarar da ta biyo. Abin lura shi ne, shekaru bayan haka, yana bishop, ya rubuta a fili cewa har yanzu yana fama da hotunan tsohuwar rayuwarsa cikin barci, da kwaɗayin abinci, da son yabo. Wato ko wanda aka tsinka masa babbar sarƙa a rana ɗaya, akwai zoben da aka daɗe ana kwancewa.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan Romawa 7, inda Bulus ya ce nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Wasu sun ce mutum ne kafin ya san Almasihu, wasu sun ce mai bi ne. Agustin kansa ya fara da ra'ayi na farko ya ƙare da na biyu. Ba ka bukatar ka raba wannan gardama, domin Galatiyawa 5:17 babu shakka ga masu bi aka rubuta ta, kuma ta ce halin mutuntaka da Ruhu suna gāba da juna a cikinsu. Romawa 6:14 ba ta ce zunubi zai daina magana ba, cewa ta yi ba zai yi mulki ba. Isra'ilawa a dare ɗaya suka fita daga Masar, Fir'auna ba shi da sauran iko a kansu, amma a jeji suka riƙa marmarin kifi da albasar Masar, har a Littafin Ƙidaya 14 suka ce a naɗa shugaba su koma. Ba bayi ba ne kuma, amma tunanin bayi bai sake su ba tukuna. Yadda halin nan yake damunka har ka yi tambaya a kansa alama ce ta rai. Wanda zunubi yake mulka ba hamayya, barcinsa yake yi.

An ce hali zanen dutse. Gaskiya ce in ana maganar abin da mutum zai iya da ƙarfin kansa, shi ya sa alkawuranka suke karyewa, kana sa nufin da ya ƙera sarƙar ya tsinka ta. Amma alheri ba ya hana amfani da hankali, kuma ikilisiya ta tara gwaninta a kan wannan. Abu na farko da zan ce ka yi shi ne ka rage tazarar da ke tsakanin faɗuwa da komawa wurin Allah. In da kwana uku kake ɓuya, ka koma a ranar, a cikin sa'ar, da kunyarka da komai. Mutane suna tsoron wannan zai sa su raina zunubi. A ganina akasin haka ne, domin a kwanakin ɓuyan nan ne ake faɗuwa ta biyu da ta uku. Sa'an nan ka sami mutum ɗaya amintacce, fasto ko fada ko wani dattijo cikin bangaskiya, ka faɗa masa abin da sunansa, ba a dunƙule ba. Yakubu 5:16 ta haɗa furta zunubi ga juna da warkewa, kuma hali na ɓoye rabin ƙarfinsa a ɓoyewar yake. Ayar da Agustin ya buɗe ranar tubansa, Romawa 13:14, ta ce kada a yi wa halin mutuntaka tanadi. Tanadin nan yana da lokaci da wuri da abokin tafiya, wani lokaci ma yana cikin wayar da ke hannunka. Ka san naka. Masu zuhudu na hamadar Masar a ƙarni na 4 sun yi nazarin wannan ƙwarai, ɗaya daga cikinsu, Evagrius, ya ce zuwan mugun tunani ba a hannunmu yake ba, amma ko zai zauna ya daɗe, wannan a hannunmu yake. Masu bi da yawa suna hukunta kansu a kan zuwan, alhali a wajen ba shi wurin zama ne ake cin yaƙin ko a sha kashi.

Akwai ɗaurin da ba ka tambaya ba, amma zan taɓo shi domin ya fi wuyar gani: ɗaurin abubuwa masu kyau. Lafiya, suna, iyali, aiki, har hidima a majami'a. Saurayin nan mai dukiya a Markus 10 ya kiyaye dokoki tun yana yaro, Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, amma ya tafi da baƙin ciki domin akwai abu ɗaya da ba zai iya saki ba. Ignatius na Loyola, wani fada ɗan Spain wanda ya rasu a 1556, ya sa wannan a farkon horon ruhaniya da ya tsara: mutum ya kai inda ba zai fifita lafiya a kan ciwo ba, ko wadata a kan talauci, ko girma a kan ƙasƙanci, ko tsawon rai a kan gajerensa, sai dai abin da ya fi kai shi ga dalilin da aka halicce shi. Ba cewa yake a daina jin daɗi ko zafi ba, kuma ba cewa yake a ƙi magani ba. Nufinsa kada ɗayansu ya zama shi ne mai yanke maka shawara. Yohanna na Gicciye, wani mai zuhudu ɗan Spain, ya ce tsuntsu ko da siririn zare aka ɗaure shi ko da igiya mai kauri, duk ɗaya ne, muddin bai tsinka ba ba zai tashi ba. In kana son sanin zarenka, ka lura da abin da in an taɓa shi fushinka yake wuce girman laifin. Sau da yawa fushin da ka ambata ɗan gadi ne, akwai abin da yake tsarewa.

Wani fushin kuma tsohon bashi ne da kake bin wani. A Matiyu 18 an yafe wa bawa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000, ka ga tazarar. Dinari 100 ba wasa ba ne, ladan fiye da wata uku ne, don haka Yesu bai ce abin da aka yi maka ba komai ba ne. Gafara ita ce ka daina zama mai karɓar bashin. Ba ta tilasta maka ka sake amincewa da wanda bai tuba ba, ba ta hana a kai mai laifi gaban hukuma, ba ta kuma ce wanda ake zalunta ya zauna a ci gaba da zaluntarsa ba.

Ba zan ɓata lokaci a kan masu cewa 'yanci shi ne kowa ya yi abin da ya ga dama ba. Bulus ya amsa musu a 1 Korantiyawa 6:12: ko da komai halal ne a gare ni, ba zan bar wani abu ya mallake ni ba. Wanda ba ya iya ce wa kansa a'a, ubangida ya sauya kawai.

Game da yadda zuciya take ji, ka san labarin Bulus da Sila a kurkukun Filibi, an yi musu dūka, ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna waƙar yabo. Gaskiya ne ya faru, amma in shi kaɗai ka riƙe za ka ɗauka mai 'yanci kullum cikin waƙa yake. Bulus ɗin nan ne ya rubuta a 2 Korantiyawa 1:8 cewa a Asiya an matsa musu fiye da ƙarfinsu har suka fid da rai, a Filibiyawa 4 kuma ya ce gamsuwa a kowane hali koyonta ya yi. Dietrich Bonhoeffer, fasto ɗan Jamus da gwamnatin Hitler ta kama a 1943 ta kuma rataye a ranar 9 ga Afrilu 1945, ya rubuta wata waƙa a kurkukun Tegel yana tambayar ko shi wane ne. Mutane suna ce masa yana fitowa daga ɗakin kurkuku a natse, yana magana da masu gadinsa kamar shi ne mai ba da umarni. Shi kuwa abin da ya sani game da kansa shi ne damuwa da kewa da gajiya, har addu'a ta gagare shi. Bai warware wanne ne na gaskiya ba. Ya ƙare da cewa ko shi wane ne, Allah ya san shi, kuma shi na Allah ne. Kada kuma wani ya mai da 'yancin zuciya hujjar yin shiru a kan zalunci. Da gari ya waye a Filibi aka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi, ya ce an dūke su a fili ba shari'a alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu.

Ko ana kaiwa ga cikar wannan 'yanci a duniya? Nan ma Kirista sun rabu. John Wesley, mai wa'azi ɗan Ingila da ya fara ɗarikar Methodist, ya koyar da cewa mai bi yana iya kaiwa ga cikakkiyar ƙauna tun a wannan rai, Luther kuwa ya ce mai bi barataccen ne, wato Allah ya ɗauke shi mai adalci, kuma mai zunubi a lokaci guda har ya mutu. Na fi karkata ga Luther, saboda Romawa 8:23 ta ce mu da muke da nunan fari na Ruhu muna nishi muna jiran fansar jikinmu. Amma Wesley ya yi daidai da ya ƙi barin mutane su kwanta a kan "haka Allah ya yi ni". Ana samun canji na gaske, sai dai wanda yake cikinsa ne yakan zama na ƙarshen gani. Ka tambayi waɗanda suke zaune da kai, ka kuma auna da shekaru, kada ka auna da makonni.

In tsoron da kake ji ya kai ga hana ka barci, ko baƙin ciki ya kwantar da kai makonni ba ka iya aiki, ko halin da kake magana a kai ya shafi giya ko ƙwaya har jikinka ba ya iya zama ba su, ka ga likita tare da addu'ar. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne, kuma barin giya ko wasu ƙwayoyi farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba yana da haɗari, yana bukatar kulawar asibiti.

Ka kuma yi hattara da inda kake neman kuɓuta. Ban musanta cewa akwai ikokin duhu ba, Sabon Alkawari ya faɗa. Amma akwai masu wa'azin da kowace matsala suke mayarwa la'ana ko aljani, su yi maka addu'ar kuɓutarwa yau, wata mai zuwa su gano wani sabon ɗauri da sai su kaɗai ke iya kwancewa, kullum da sabon sharaɗi. Ka dubi mutanen da suka daɗe a ƙarƙashin mai wa'azi: suna ƙara iya tsayawa da ƙafarsu a gaban Allah, ko sun kai ba sa iya yanke ƙaramar shawara sai da izininsa? Bulus ya tsawata wa Korantiyawa a 2 Korantiyawa 11:20 domin suna haƙuri da wanda yake bautar da su, yana cinye musu kaya, yana ɗaga kai, har yana marinsu. In abin da kake gani ke nan a inda kake zuwa, ka nemi wata majami'ar.